"Ai Barci Kawai Za Mu Yi": Maganar da Ke Lalata Hutun Iyali

Da zarar makarantu sun ba da dogon hutu a watan Yuli, sai hotunan Disney da na Dubai su cika Instagram da WhatsApp, 'yan ejan na ta tallan "hutun iyali, komai da komai a ciki". Magidancin da Allah ya hore wa yakan yi wata da watanni yana fafutukar biza, yana ciniki a kan tikitin jirgi, yana bin farashin dala safe da yamma. Amma da an zo maganar otal sai ya kaɗa hannu ya ce: "A samo mana mai sauƙi, ai barci kawai za mu yi." An maimaita wannan magana har ta fara kama da gaskiya, alhali ita ce ke mayar da hutun da aka zuba wa miliyoyi ya koma zaman cikin mota da kukan yara.

Wuraren wasan da ake magana a kansu ba irin filin lilon unguwa ba ne. Ƙananan garuruwa ne da aka gina domin nishaɗi, ana sayen tikitin yini a shiga, a yi ta bin layi ana hawa abin da ake so har dare. Mafi shahara shi ne Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971.

Faɗin wannan wuri kaɗai ya kai kimanin murabba'in kilomita 100. A cikinsa akwai manyan filayen wasa huɗu: Magic Kingdom, da EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998, ban da wuraren wasan ruwa guda biyu. Saboda haka idan wani otal ya rubuta a tallarsa cewa "minti biyar zuwa Disney", abin tambaya shi ne, zuwa ina a cikin Disney? Mai otal bai yi ƙarya ba, ya dai auna ne zuwa babban allon da ke bisa titi yana yi wa baƙi maraba. Daga allon nan sai an ci gaba da tuƙi, a tsaya a biya kuɗin ajiye mota, wanda a 2024 dala 30 ne a yini. In kuwa Magic Kingdom aka nufa, filin ajiye motocin ma ba a bakin ƙofa yake ba, tafki ne guda a tsakaninsu. Sai an taka ko an hau motar da ke kwasar mutane daga cikin filin, an wuce masu binciken jaka, sannan a bi layin jirgin ruwa ko na jirgin ƙasan nan mai gudu a sama bisa layi ɗaya. Ga uwa da goyo, ga keken tura yaro, ga wanda ya ce fitsari yake ji. Minti biyar ɗin talla ta zama awa guda cur, kuma da dare za a sake biyo ta, lokacin da dubban mutane suka fito a tare bayan wasan wuta.

Mai son araha shi ya fi kowa buƙatar ya yi lissafi a nan. Tikitin yini ɗaya a Disney World ya haura dala 100 ga mutum guda, kuma yaro ɗan shekara 10 kuɗin babba yake biya, 'yan ƙasa da shekara uku ne kawai ke shiga kyauta. A ɗauka iyali ne na mutum shida. Sun ajiye sama da dala 600 a ƙofa, domin wurin da zai buɗe kamar awa 12. Ke nan kowace awa ta tsaya musu a kan dala 50 ko fiye. Sayen tikitin kwanaki da yawa yana rage wannan kaɗan, amma bai sauya maganar ba. Wanda ya rage dala 40 a kuɗin ɗaki, ya ɓatar da awa biyu a hanya kullum, ya kuma biya kuɗin ajiye mota ko na tasi, ina ribarsa? Kuɗin da yake ganin ya tsira da su sun zube a titi, gajiya kuma ta zama gyara.

Sannan wa ya ce barcin dare kaɗai ake yi a otal? Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne daidai lokacin da Orlando ke fama da zafi mai naso, sama da digiri 30, da ruwan sama mai tsawa da yakan sauko bayan azahar. In an ga walƙiya a kusa, dakatar da lilon da ke fili ake yi. Waɗanda suka san wurin sukan shiga da sassafe, su fito in rana ta take, su koma ɗaki yara su yi wanka su rintsa, manya su yi salla a natse, sannan a koma da la'asar sakaliya a kai dare. Wannan tsari ba ya yiwuwa sai ga mai ɗaki a kusa. Mai ɗaki a nesa ya san in ya fita ba zai dawo ba, sai ya daure ya riƙe yara cikin rana, kafin ƙarfe uku kowa ya yi laushi, maigida ya fara faɗa, uwargida ta yi shiru irin wanda aka sani. Duk wanda ya taɓa zuwa Makka ya san bambancin alhajin da masaukinsa ke kusa da Harami da wanda sai ya jira bas. Ba ana haɗa ibada da wasa ba ne, Allah ya kiyaye, amma ƙafa ba ta san dalilin tafiya ba, gajiyarta ɗaya ce.

Akwai kuma abubuwan da otal ke sayarwa tare da ɗakin, waɗanda mai kallon farashi kaɗai ba ya gani. Baƙon otal ɗin Disney yana shiga kowane filin wasa rabin awa kafin sauran jama'a, kuma a rabin awar nan ana iya hawa abin da zai ci awa guda na layi da hantsi. Yana hawa bas da jirgin ruwa da motocin da ke rataye a igiya, waɗanda aka fara a 2019, duk ba ko sisi. Tun 2024, in zai sayi izinin bin gajeren layi da ake kira Lightning Lane, yana iya zaɓar lokutansa kwana bakwai kafin isowa, na waje kuwa kwana uku. A Universal, maƙwabcin Disney a Orlando, abin ya fi haka fitowa fili. Otal uku nasu masu tsada, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke cikin ɗakin izinin tsallake dogon layi kyauta, har da ranar shiga da ranar fita. Wannan izini in da kuɗi za a saya, a lokacin cunkoso yana iya wuce dala 100 ga mutum ɗaya a yini. Iyali na mutum huɗu ko biyar kan tarar otal mai tsadar ya fi musu sauƙi. Sai dai a lura, sabon filinsu Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025 ba a sa shi cikin wannan garaɓasa ba lokacin buɗewar.

"To ai namu otal ɗin ma yana da bas kyauta," in ji mai gardama. A karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Sau da yawa bas ɗin nan tashi ɗaya ko biyu yake yi da safe, ya dawo sau ɗaya ko biyu da dare, sai an rubuta suna tun jiya, kuma yana zagaya wasu otal-otal kafin ya kama hanya. Wanda yaronsa ya yi amai da tsakar rana tasi zai nema. Ga kuɗin da ake kira na hidimar otal, wanda wasu ke ɗorawa a kowane dare ko an shiga tafkin wanka ko ba a shiga ba, ga na ajiye mota a otal ɗin kansa, ga haraji, wanda a gundumar da Orlando take kashi 12.5 cikin ɗari ne. Wata doka da ta fara aiki a Amurka a Mayun 2025 ta tilasta nuna kuɗaɗen dole a cikin farashin farko, amma haraji yana iya jira sai shafin biya.

Dubai ta fi kusa da mutanenmu, kuma a can kuskuren yana da nasa salo. Ɗan kasuwan da ya saba sauka a Deira, kusa da shagunan gwal da na yadi da gidajen abincin da ya sani, in ya zo da iyali can yake sake kai su. Deira ta dace da sari. Amma Dubai Parks and Resorts, inda Legoland da Motiongate suke tun 2016, yana can Jebel Ali ne a ɗaya ƙarshen gari, sama da kilomita 50 daga Deira. Tsibirin Yas kuwa, mai Ferrari World na 2010 da Warner Bros. World na 2018 da SeaWorld na 2023, a Abu Dabi yake, tafiyar sama da kilomita 100, a watan da zafi ke haura digiri 40. Otal-otal na tsibirin sukan haɗa ɗaki da tikitin shiga a farashi guda. Ba laifi ba ne a raba zaman biyu, kwana biyu a Yas domin yara, sauran a Deira domin kasuwa. A kuma tuna Dubai na karɓar dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki a kowane dare, gwargwadon darajar otal.

Kada a fahimci cewa mafi tsada shi ne daidai a ko'ina. A Disneyland na Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1955, akwai ƙananan otal-otal na waje a titin Harbor da ake takowa daga cikinsu zuwa ƙofa da ƙafa. A Faransa, Disneyland Paris na da tashar jirgin ƙasa a bakinsa, layin RER A yana kawo mutum daga tsakiyar Faris. Kuma a yi hattara da sunayen, Disneyland da Disney World kusan kilomita 4,000 ne a tsakaninsu, wanda ya kama ɗaki a wancan ya sayi tikitin wannan sai dai haƙuri.

Hutu kan lalace saboda rashin lafiya ko guguwa ko tashin dala, waɗannan ba a hannun kowa suke ba.

Abin da ke hannun mutum shi ne ya fara da taswira kafin ya kalli hoton gado. Ya zaɓi filin wasan da za a fi zuwa, ya sa sunansa da na otal a Google Maps, ya duba tsawon tafiyar da ƙarfe takwas na safe, sannan ya ƙara lokacin bincike da layi. Ya tara kuɗin ɗaki da haraji da sufuri da karin kumallo wuri guda, a kan jimillar nan ake kwatanta otal da otal.

Sai yawan mutane. Gidajenmu ba na 'ya'ya biyu ba ne, ɗakunan otal kuwa yawanci mutum huɗu aka ƙayyade musu, kuma ƙa'idar kiyaye gobara ce, ba rowa ba. Ɗabi'ar nan ta rubuta mutum huɗu a shigo da bakwai ta bayan fage ha'inci ce, kuma in asiri ya tonu a gaban yara ake jin kunyar. Akwai ɗakunan iyali na mutum shida a Art of Animation da All-Star Music na Disney, akwai kuma gidajen haya masu ɗakuna da yawa a yankin Kissimmee ga wanda zai ɗauki mota. In ɗakuna biyu ake so masu ƙofa a tsakani, a tambaya ko tabbas ne ko alkawarin "in an samu" ne. Ɗaki mai ɗan kicin da firiji yana warware matsalar halal a Orlando, ya kuma rage kuɗin ci a waje sau uku a yini.

Batun biya shi ne inda aka fi yin kuka. Kada a tura kuɗi asusun wani don kawai shafinsa na da hotuna masu kyau. Ko ta hannun ejan aka bi, a karɓi lambar shaidar kama ɗaki, a nemo lambar wayar otal ɗin daga shafinsa na ainihi, a kira a ji suna da ranaku da yawan mutane daga bakinsu. Wasu takardun da ake miƙa wa mutane na riƙon wucin gadi ne, da an kwana biyu ba a biya ba sun mutu. Saƙon da ya zo bayan an kama ɗaki yana cewa a latsa nan a sake sa lambar kati ko a rasa wurin, damfara ce da ta yaɗu har a manyan shafuka, a kira otal tukuna. Wanda bizarsa ba ta fito ba ya zaɓi farashin da ake iya sokewa ko da ya ɗara kaɗan, musamman ga Fulorida, inda lokacin guguwa ke kamawa daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. A kuma tambayi banki ko katin zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire, domin otal kan riƙe wasu kuɗi a kati ranar shiga, ba ya sakinsu sai bayan an fita.

Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe uku ko huɗu na yamma, jirage kuwa da dama da asuba suke sauka Dubai. Ko dai a biya daren da ya gabata, ko a shirya barin kaya a wurinsu a fita. Ga masu zuwa Orlando, tsofaffin bayanai a intanet har yanzu suna cewa Disney na ɗauko baƙinsa daga filin jirgi kyauta. An daina wannan tun Janairun 2022, kuɗin motar filin jirgi zuwa da dawowa yanzu a aljihun maigida yake.