Zaman rumfa na cin tsoka, hanta kuma ke biyan bashin

Duk wanda ya shiga kasuwar Madawa da kakar albasa zai ga mutane iri biyu: 'yan dako da ke sauke buhu sharkaf da gumi, da mu masu kaya da ke zaune kan tabarma tun hantsi har la'asar sakaliya. Mu ne ke ƙirga kuɗin, amma ta fannin lafiyar hanta da hanji, ɗan dako na iya fin mu riba.

Dalili kuwa shi ne, tsokar jiki ita ce rumbun da ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci tuwo ko an sha fura. Daga shekara 30 tsoka kan fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, yawan zama kuma na ƙara mata sauri. To idan rumbu ya ƙanƙance, ina rarar za ta? Hanta ce ke karɓa, ta mai da ita kitse. An ƙiyasta cewa manya wajen 3 cikin 10 a duniya na da kitse a hanta, galibi ba su sani ba, don ba ya ciwo da farko. Ita ma hantar in ta jikkata sai ta shiga cin tsoka. Ke nan tumbi da siraran hannuwa, wanda muke wa kirari da "Alhaji an samu", ba kullum ne alamar arziki ba.

Iyayenmu mata na Keita sun yi dakon duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya. Ba irin wannan wahalar muke nema wa kowa ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne motsa jiki na minti 150 a mako, da aikin ƙarfi kwana biyu. Hajiya mai rumfa a Buza, ki taka da ƙafa zuwa kasuwa, ki ɗaga tasarki da kanki maimakon kiran yaro. Motsin nan na rage taurin bayan gida ma. Tsoka kuma na son wake, ƙuli-ƙuli, nono, da ɗan kilishin Madawa in da hali.

Amma wanda cikinsa ya kumbura, hannuwa suka rame, ido ya yi ɗorawa, kada ya tsaya sayen maganin basir wurin masu talla da lasifika. Ya tafi likita a auna masa jini, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasarmu, kuma da waɗannan alamomin yakan bayyana in ya yi nisa.