Shaihu Umar a Takarda da a Majigi

 Ga tambaya: in an ɗauki labarin wanda aka sace aka mai da shi majigi, me ya kan ƙaru, me kuma ya kan ragu?

Misalinmu shi ne Shaihu Umar, littafin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934 bayan gasar da Ofishin Talifi ya shirya. Labarin yaro ne mutumin Kagara, wanda aka sace tun yana ƙarami, ya faɗa bauta, har Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar. Mu mutanen Rano da Kibiya ba baƙin wannan zance ba ne, gama kakanninmu sun sha harin Ningawa kafin zuwan Turawa.

A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin majigi, Umaru Ladan ya fito a Shaihu. Sa'an nan fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka gano shi aka gyara, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018.

Abin yabo, mai majigin bai yar da tushen littafin ba, watau malami zaune da almajiransa, sun tambaye shi asalinsa, yana ba su labari da bakinsa. Ya kuma ƙara abin da alƙalami ba ya iyawa, domin ido ya ga fuska da tufafi da ayari. Wanda bai iya boko ba, shi ma ya sami rabonsa.

Amma fa nauyin labarin sata ba a ranar kamu ya ke ba, a jira ya ke. Mai littafi ya kan ajiye shi ya kwana da zullumin uwar nan, gobe ya ɗauka. Majigi kuwa cikin sa'a biyu da 'yan mintoci ya ke haɗiye shekarun, an kunna fitila kowa ya kama hanyar gida. Ido ya ƙoshi, zuciya ba ta gama jira ba.

Shi kansa mawallafin, daren 15 ga Janairu 1966 aka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, jama'a suka yi kwanaki suna sauraro kafin a sami gawarsa. A zamaninmu kuma masu garkuwa da mutane sun sa iyaye da yawa irin wannan zama. Saboda haka wanda ya kalli majigin ya nemi littafin, a karanta wa yara, su san abin da uwa ke ji.