Hunhuna cikin ɗaki: ciwon da damana ke bari

Idan damana ta yi tsakiya, musamman cikin watan takwas, da yawa daga cikinmu mukan shiga ɗaki mu ji wani wari irin na tsohon tsumma. Mu ɗaga tabarma, mu tarar da ƙarƙashinta ya yi baƙi-baƙi. Bayan akwati kuma bango ya yi tabo fari, ko kore, ko baƙi. Wannan ita ce hunhuna, wadda wasu ke kira funfuna.

Hunhuna abu ce mai rai. Tana da iri ƙanana waɗanda ido ba ya gani, iska ce ke yawo da su. Inda duk suka samu lema da duhu, nan suke tsirowa. Kwana biyu sun ishe su kama jiƙaƙƙen kaya. Saboda haka ne bayan ambaliya, irin wadda ta auka wa Maraɗi da Damagaram a 2024, ɗakin da bai faɗi ba ma yana buƙatar kulawa.

Mai kwana cikin irin wannan ɗaki yana shaƙar irin hunhuna dare duka. Sai atishawa, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido, da tari. Mai ciwon asma kuwa, numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Yara ƙanana da tsofaffi da masu jinya su suka fi wahala. Sau da yawa mukan ce sanyin damana ne, mu sayi magani a kasuwa, mu ƙara rufe taga. Rufe tagar nan ita ke ƙara wa hunhuna ƙarfi. Tarin da ya wuce sati biyu, a kai mai shi likita a auna shi.

Babban haɗari yana cikin abinci. Mu manoma mun saba jingine buhunan gujiya da masara a ɗakin kwana. Akwai hunhunar da ke kama su, ta bar dafi mai suna aflatoksin. Dafin nan yana lalata hanta, yana iya kawo kansar hanta bayan shekaru. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya, cikin 2004, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan dafi. Gujiyar da ta canza launi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince ta a binne. Kada a yi ƙuliƙuli da ita, kada a ba dabbobi, don dafin yana bi ta cikin nono.

Aikin farko shi ne tare ruwa. A toshe yoyon rufi, a share indararo, a yi yaɓe tun kafin ruwan farko. A tara ƙasa gindin bango don ruwa ya gangara nesa. Duk ranar da rana ta fito, a buɗe ƙofa da taga, a shanya tabarmi da katifu da tufafi. A janye gado da akwati daga jikin bango. Buhun hatsi a ɗora shi bisa itace, kuma sai ya bushe sarai za a ɗure shi.

Idan hunhuna ta riga ta kama, a fitar da yara, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Bangon siminti a wanke shi da ruwa da sabulu. Ana iya sa ruwan Jabel, kofi ɗaya cikin lita 4 na ruwa, taga a buɗe. Kada a gauraya Jabel da wani maganin wanki, hayaƙinsu yana da guba. Bangon ƙasa kuwa, a ɗan yayyafa masa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare wurin, a bari ya bushe, sannan a sake yaɓe. Shafa fenti bisa hunhuna ɓarnar kuɗi ce, za ta sake fitowa. Katifar soso da ta sha ruwa har ta yi baƙi a ciki, wanki ba ya raba ta da hunhuna, sai dai a yar da ita.