Tsohuwar kyanwa mai ci tana ramewa: ciwon tayirod da hanyoyin maganinsa

Idan kyanwa ta tsufa, cinta ya ƙaru amma kullum ramewa take yi, mai gida yakan ce tsutsar ciki ce. Sau da yawa haka ne. To amma idan an ba ta maganin tsutsa ba ta murmure ba, ga yawan shan ruwa da fitsari, ga amai, ga kukan dare, gashinta kuma ya hargitse, likitocin dabbobi sukan duba abubuwa uku: ciwon sukari, ƙoda, da kuma tayirod.

Tayirod wata ƴar tsoka ce mai ɓari biyu a gaban wuya, wadda ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo a jikin mutum, galibi saboda ƙarancin aidin a abinci. A jikin kyanwa kuwa ƙari ne ke tsirowa a kanta ya sa ta yi aiki fiye da kima, sai jiki ya riƙa ƙone abinci kamar murhun da aka cika wa itace. Zuciya kan buga fiye da sau 240 a minti ɗaya, hawan jini ya biyo baya, wani lokaci har da makanta.

A shekarar 1979 ne Dokta Mark Peterson da abokan aikinsa suka fara bayyana cutar a birnin Niyu Yok na Amurka. A yau, a ƙasashen da ake yawan gwaji, ana samunta a jikin kusan ɗaya cikin goma na kyanwoyin da suka haura shekara 10. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙarin ba na daji ba ne. Gwajin jini mai suna T4 ne ke tabbatar da ita.

Magani mafi sauƙin samu shi ne ƙwayar methimazole ko ƴar'uwarta carbimazole, waɗanda su ne ake ba mutane masu irin wannan ciwo. Wannan bai ba kowa damar ɓallo ƙwayar kakarsa ya jefa wa mage ba, domin yawanci da miligiram 2.5 ko ƙasa da haka ake farawa, safe da yamma, sannan a sake gwajin jini bayan mako biyu zuwa uku. Ƙwayar ba ta warkarwa, dannewa kawai take yi, don haka shan ta har ƙarshen rai ne, ƙarin kuma yana ci gaba da girma. Wasu kyanwoyin takan sa su amai ko ƙaiƙayin fuska. Ga mage mai gardama akwai na shafawa a cikin kunne, amma sai da safar hannu, kuma mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin.

Tiyata tana iya raba kyanwa da ciwon, sai dai akwai wasu ƴan ƙwayoyin tsoka manne da tayirod masu kula da kalsiyam na jini, waɗanda idan wuƙa ta taɓa su dabbar kan kama jijjiga. Sa tsohuwar kyanwa mai raunin zuciya barci ma ba wasa ba ne.

Wadda masana suka fi yabawa ita ce allurar aidin mai tururin nukiliya, wato I-131. Tun da tayirod ce ke zuƙe aidin a jiki, sinadarin kan tattaru a cikin ƙarin ya ƙone shi, ya bar sauran jiki lafiya. Allura ɗaya tak kan warkar da kusan kashi 95 cikin ɗari. Ana killace kyanwar na kwanaki ko makonni, gwargwadon dokar ƙasa, domin sai bayan kwana 8 ƙarfin sinadarin ke raguwa da rabi. Tana da tsada, cibiyoyinta kuma galibi suna Turai da Amurka.

A 2011 kamfanin Hill's ya fito da abinci mai ƙarancin aidin, mai suna y/d. Sharaɗinsa shi ne kada kyanwa ta lasa komai bayansa. Magen da ke farautar ɓera da ƙadangare, ta leƙa kwanon kifin maƙwabta, ba ta san wannan doka ba.

Babban abin da ke sa likita ya yi taka-tsantsan wajen zaɓi shi ne ƙoda. Ciwon tayirod yana tura jini da ƙarfi ta cikin ƙoda, har mai rauni ta yi kama da lafiyayya a takardar gwaji. Da zarar an danne tayirod, sai gudun jinin ya koma daidai, asirin ƙodar ya tonu. Idan kuma aka danne ta fiye da kima, ƙodar ce ke shan wahala. Shi ya sa likitoci da dama ke farawa da ƙwaya na wasu makonni, domin ita ana iya rage ta ko a tsayar, su ga yadda ƙoda za ta ɗauka, kafin a yi maganar wuƙa ko allurar da ba a warware ta. A ganinmu wannan ita ce hanyar hankali, ko da mutum yana da kuɗin allurar a aljihu.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, a kan kyanwoyi 167, ya nuna cewa rabin waɗanda aka bari a kan ƙwaya kaɗai sun kai shekara 2 a raye bayan fara magani. Rabin waɗanda aka yi wa allurar kaɗai sun kai shekara 4, rabin waɗanda kuwa aka fara musu da ƙwaya sannan aka bi da allura sun haura shekara 5.