TSEREN SAFARI YA DAWO, AMMA INA MOTAR TALAKA?

Duk wanda ke bin labarin wasanni ya san cewa tun shekarar 2021 tseren motoci na Safari ya koma cikin jerin manyan tsere na duniya, bayan da aka yi shekara 19 ba a sa shi ba. Ana yin sa a kewayen garin Naivasha na ƙasar Kenya, kuma kowace shekara jama'a kan yi dafifi a bakin hanya, ƙura na tashi, jiragen sama masu saukar ungulu na shawagi, 'yan jarida na ta aika hotuna. Wannan abin farin ciki ne, domin shi kaɗai ne tseren da ya rage wa Afirka a cikin wannan jeri. To, amma mu da muke ƙaunar mota don amfaninta, akwai abin da ke damunmu game da sabon Safari, kuma ya kamata a faɗe shi.

An fara wannan tsere a shekarar 1953 don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila. A wancan zamani ana ratsa ƙasashe uku ne, wato Kenya da Uganda da Tanganyika, wadda daga baya ta zama Tanzaniya. Sai daga 1974 aka taƙaita shi a Kenya kaɗai. Tsawon tafiyar kan kai kimanin kilomita 5,000, ana yin ta dare da rana cikin 'yan kwanaki, a lokacin bikin Ista, daidai da faɗuwar damina a wancan yanki. Ba a rufe hanya. Mai tsere yana iya shan kwana ya ci karo da motar haya cike da fasinja, ko garken shanu, ko ma raƙumin dawa. Kowace mota tana da mutum biyu, direba da mai karanta masa hanya, kuma an yanka musu lokacin da za su isa kowane zango. Wanda ya makara a rubuta masa laifi gwargwadon mintocin da ya ɓata, wanda laifinsa ya fi kaɗan a ƙarshe shi ya ci.

Mai karatu zai gane wuyar abin idan ya ji abin da ya faru a 1963. Motoci 84 suka tashi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, koguna suka cika suka batse, baƙar laka ta riƙe motoci kamar danƙo. Guda 7 kacal suka dawo. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Peugeot 404, wadda Nick Nowicki ya tuƙa. Irin wannan mota ta sake ci a 1966 da 1967 a hannun Bert Shankland, sa'an nan a 1968 Nowicki ya maimaita, a shekarar da ita ma motoci 7 ne suka kai gida.

ABIN DA YA SA MUKA DAMU

Ga inda maganar take. Wannan 404 da ta tsira daga lakar Kenya, ita ce dai 404 da ke tsaye a tashoshinmu, wadda aka yi a-kori-kura da ita tana ɗaukar buhunan hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa. An ƙarfafa mata ƙasa, an ƙara mata fitilu, an sa mata ƙarafan tsaro a ciki, amma injin da giya da gangar jiki duk na kasuwa ne. Saboda haka sakamakon Safari ya zama kamar shaida ce ga mai saye. Ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru yana son ya sayi motar haya ba ya buƙatar daɗin bakin dillali, tunda an riga an jarraba masa motar a kan hanyar burji da gargada irin wadda zai bi, aka kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Haka aka yi da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci Safari da ita, kuma a wannan shekara ce aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. A 1978 Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya sake ci da wani samfurin 504 mai ƙofa biyu da babban inji. Wanda ya taɓa shiga Fijo daga Kano zuwa Maiduguri, ko daga Katsina zuwa Maraɗi, da fasinja da kaya har saman rufi, ya san cewa yabon da aka yi wa ƙafafun wannan mota ba ƙarya ba ne. Su ma Japanawa ta wannan ƙofa suka shigo kasuwar Afirka. Da farko mutane na yi wa motocinsu kallon gwangwani, har sai da Datsun ta ci Safari a 1970 da 1971 da 1973, sa'an nan bakin masu suka ya mutu.

Abu na biyu kuma shi ne direbobin. Shekara 19 na farko babu wani baƙo daga Turai da ya iya cin wannan tsere, duk da cewa kamfanoni sun yi ta turo gwanayensu. Mazauna ƙasa ne ke ci, domin su suka san inda kogi ke cinye hanya, da irin lakar da ake ratsawa da gudu da wadda ake kewayewa. Sai a 1972 Hannu Mikkola na ƙasar Finlan ya karya wannan ƙadari da Ford Escort. Labarin da ya fi kowane daɗi shi ne na Joginder Singh, ɗan Kenya mai asalin Indiya. A 1965 shi da ƙanensa Jaswant suka sami wata tsohuwar Volvo wadda aka riga aka shiga tseren da ita a shekarar da ta gabata, suka kwance ta suka gyara da hannunsu, suka shiga suka kayar da sababbin motocin kamfanoni. Ya sake ci a 1974 da 1976 da Mitsubishi. Bayansa ga Shekhar Mehta, haifaffen Uganda, wanda ya ci sau biyar: 1973, sa'an nan shekara huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. A wancan lokaci makanike mai basira da direba mai haƙuri suna iya ja da kamfani.

YADDA ABIN YA KOMA

Yau fa? Ana tseren ne a gajerun zango a hanyoyin da aka rufe, galibi cikin manyan gonaki da gandun daji, kuma idan aka haɗa tsawon wuraren da ake auna gudu ba su kai kilomita 400 ba. Babu tafiyar dare irin ta da. Motocin da ke sahun gaba, na Toyota da Hyundai da Ford, sunansu ne kawai ya yi daidai da na kasuwa. A ciki ƙirar ƙarfe ce ta musamman aka lulluɓe ta da siffar ƙaramar mota, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa a cika tasha da motocin haya. Kowace tana da rundunar injiniyoyi da makanikai da ke jiranta a rumfa da na'urori. Tun da aka dawo, Toyota ce ta ci kowace shekara daga 2021 zuwa 2025: Sébastien Ogier sau biyu, Kalle Rovanperä sau biyu, Elfyn Evans sau ɗaya. A 2022 da 2023 ma ita ta kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na huɗu. Gwanaye ne, babu mai musu, kuma kallon yadda suke ratsa ƙura mai laushi kamar gari abin mamaki ne. Sai dai wannan nasara ba ta gaya wa direban haya na Gusau kome game da motar da zai saya. Ɗan Kenya na ƙarshe da ya ci Safari alhali yana cikin jerin gasar duniya kuwa shi ne Ian Duncan, tun 1994.

Ba za mu ce a koma buɗe hanya ba. Motocin haya sun yi yawa, garuruwa sun cika, kuma ran ɗan Adam ya fi kofi. Mutanen Nijar ba sa buƙatar a ba su labarin wannan, domin sun ga tseren Paris zuwa Dakar da idonsu. Bafaranshe Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, aka tashi na farko a ƙarshen Disamba 1978 da ababen hawa 182, guda 74 suka isa Dakar. Shekara da shekaru ayarin na ratsa Agadas da hamadar Tenere, masu masauki da masu ja-gora suna samun ɗan abin sawa a baka na 'yan kwanaki. Amma an kuma yi ta banke mutane a ƙauyukan da aka bi: a 1988 wata yarinya ta rasu a Mali, a 2006 yara biyu a Gini da Senegal. Da tsaro ya taɓarɓare aka soke na 2008, aka kwashe tseren zuwa Kudancin Amurka, daga 2020 kuma zuwa Saudiyya. Sunan Dakar kawai aka tafi da shi. Bambancin Safari shi ne mutanen ƙasa ne suka kafa shi suke kuma gudanar da shi, shi ya sa ko da aka cire shi daga jerin duniya bayan 2002, sabili da matsalar kuɗi da tsari, bai mutu ba, aka ci gaba da yin sa a matsayin gasar Afirka.

Abin da muke so hukumar tseren motoci ta duniya da masu shirya Safari su duba shi ne a ɗaukaka rukunin motocin kasuwa. A sa doka cewa mota ta kasance irin wadda ake sayarwa a kanti, ba a canja mata kome ba sai kayan tsaro da taya, a ƙayyade kuɗin da za a kashe mata, a hana rundunar makanikai, a kuma ba ta zango masu tsawo da za su nuna ƙarfin lagireto da ƙafafu, a sa wa rukunin kyauta mai tsoka da za ta ja hankalin kamfanoni. Yanzu da motocin Sin da na Indiya suka cika kasuwanninmu, kowane dillali na rantsuwa tasa ce ta fi ƙarko, irin wannan alƙalanci ya fi zama dole fiye da zamanin Fijo. Kuma ta nan ne kaɗai yaron da ya koyi aiki a garejin Nairobi, ko a Panteka ta Kaduna, zai iya tunanin shiga.

Akwai dai wani tsere dabam da aka fara a 2003, wanda ake kira Safari na tsofaffin motoci, inda ake fito da Datsun da Ford Escort na da, a yi doguwar tafiya ta kwana da kwanaki kamar yadda aka saba. Masu sha'awa na jin daɗinsa ƙwarai. Sai dai yawancin masu shiga attajirai ne, kuma motar da ta fi yawa a sahun gaba ita ce Porsche.