Amsar Wasiƙunku: Wa Ke Tsaron Mai Tsaron Daji?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Ya ce an ɗauki ɗansa aikin gadin daji a Yankari, tun ran nan uwar yaron ba ta barci. Tambayarsa ita ce: in yaro ya shiga daji kwana da kwanaki wani abu ya same shi, wa zai sani, kuma alhakin wa ne?

To, Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiya aikin yana da haɗari, ba zan ɓoye maka ba. A gandun Virunga na ƙasar Kwango, masu gadin daji fiye da 200 ne suka rasa rayukansu a bakin aiki, kuma kowace ranar 31 ga Yuli duniya kan tuna da irinsu. Amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, bindigar da ke kafaɗar yaro ba ita ce babbar kariyarsa ba. Kariyarsa ita ce tsari, watau a ce akwai wanda ya san inda yake, da lokacin da ya kamata a ji muryarsa, da abin da za a yi in ba a ji ba.

Ka duba girman wurin. Yankari ta kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, sannan ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A daji irin wannan, mutum zai iya karyewa a gindin wata bishiya, mota ta wuce ta gefensa ba a gan shi ba. Shi ya sa a duk gandun da ake aiki bisa ƙa'ida ba a tura mutum ɗaya sintiri. Ƙungiya ake fita da shugaba. Kafin a tashi a rubuta sunayen waɗanda suka fita, da hanyar da za su bi, da ranar dawowa. A hedkwata kuma a bar mutum a bakin rediyon oba-oba, da mota mai mai a ciki. Na ce mai mai a ciki, domin motar da sai an je neman kuɗin mai kafin ta tashi, sunanta kawai mota. A 2014 wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS ta shiga yarjejeniya da Gwamnatin Bauchi, aka riƙa ba masu sintiri horo da guzuri da na'urar da ke rubuta duk inda suka taka.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi kai ma'aikaci ƙasa. Kowa tunaninsa zaki ko giwa. Su ma abin tsoro ne, balle ɓauna mai rauni, ko dorina in ka shiga tsakaninta da ruwa. Amma ƙananan abubuwa sun fi yawa: zazzaɓin cizon sauro, ƙishirwa a watan Maris da Afrilu, gurɓataccen ruwa, faɗuwa daga babur, sai kuma maciji. Kububuwa ga ta 'yar ƙarama, amma dafinta kan hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari. Wannan ya shafe ku ma manoma, musamman lokacin girbi. In ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A cire zobe ko abin hannu, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara a kan wannan. Shugaban aiki nagari tun kafin a sari kowa ya san wane asibiti ne ke da allurar, da hanyar da ba ta yankewa da damina. Takalmi mai tsawo da gidan sauro da akwatin magani kuwa haƙƙin ma'aikaci ne, ba alfarma ake yi masa ba.

Sai batun wuta. Ma'aikata kan ƙona wasu sassa da gangan a farkon rani, ciyawa da sauran danshi, don kada gobarar ƙarshen rani ta cinye komai. Wannan da shiri ake yi, an san inda kowa yake da inda iska ta nufa. Amma in wani ya cinna wa daji wuta don neman gafiya ko zuma, bai san akwai 'ya'yan mutane a bayan tudu ba. A nan ne ku mutanen ƙauye kuka shigo cikin tsarin. Haka nan in giwaye suka faɗa gona. Kada a taru da tsakar dare ana jifa da ihu ta kowace kusurwa, a toshe musu hanyar komawa. A sanar da mai unguwa, a kira ma'aikata, in sun zo a bar mutum ɗaya ya ba da umarni. Giwa mai ɗa ba ta san wane ne ma'aikaci wane ne mai gona ba.

Game da alhaki, Baba, yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ga iyalinsa in ta Allah ta kasance. Dokar ta ce a sanar da wurin aiki cikin kwana 14. Saboda haka ko rauni ƙarami ne a sa a rubuta, a kuma adana takardun asibiti.

In ɗanka ya zo hutu, ka zaunar da shi ka tambaye shi. Yana da takardar ɗaukar aiki, ko ɗan wucin gadi ne? Su nawa suke fita? Sau nawa suke magana da hedkwata a rana? Wa aka koya wa taimakon gaggawa a cikinsu? Sunan wa ya bayar a matsayin magajinsa? Ka karɓi lambar wayar shugabansa ka ajiye, shi ma ka ba shi taka. Ka kuma gaya wa mahaifiyarsa muna gaisuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙar masu tambaya a kan ajiyar wake.