Luguden da ke cikin injin mota

Duk wanda ya tashi a gari irin Sarkin Hausa ya san lugude: mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na shiga wata na fita, har da tafi a tsakani. Da ɗaya ta yi garaje ko ta makara, sai ka ji ƙau, taɓare sun gwabza, gero ya watse, kaji sun samu biki.

Irin luguden nan ake yi a kan injin mota. Akwai wani sandan ƙarfe mai tozaye a jere, makanikan Tasawa da Maraɗi na ce masa arbar-a-kam, na Kano kuma kamshaf. Wani tozo ya danna supap ta buɗe iska da mai su shiga, wani ya danna tasa hayaƙi ya fita, fistan kuwa na hawa da sauka a ƙasansu. Bilbirke, wato sandan da fistan ke juyawa, ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1. Shi ke raba wa kowa lokacin shiga turmi.

Ɗan ƙanena, mai jigilar fasinja tsakanin Mayahi da ƙauyuka, ya dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da wani kamshaf wanda ba na kamfanin motarsa ba ne. Tozayensa sun fi na asali tudu, wai mota za ta riƙa tashi kamar doki. Tsohon makaniken da ya kai wa ya shafa tozon da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan taɓaryar ƙarti ce, turminka kuwa na amarya ne."

Gaskiya ya faɗa. Babban tozo yana buɗe supap da nisa, ya kuma daɗe bai sake ta ba. In injin na gudu sosai, a kan kwalta irin ta Maraɗi zuwa Damagaram, zai sha iska ya ƙoshi. Amma a tafiyar sannu ƙarfinsa raguwa yake, yana tsaye yana kakkarwa, ga shan mai. Mu kuwa a rairayin Gulbin Kaba, da buhunan gero a bisa da akuya a but, ƙarfin sannu muke nema.

Yaro ya nace, tsoho ya ɗaura. Na zauna ina kallo, ko da yake rabin zaman don shayin garejin ne. Ya shafe kowane tozo da mai, ya ɗaure ƙusoshi daga tsakiya zuwa gefe a hankali, don kada sandan ya lanƙwashe. Ya daidaita alamomin kurwa, wato bel mai haƙora da ke haɗa kamshaf da bilbirke, domin haƙori ɗaya in ya goce lugude ya ɓaci, in sun yi yawa a wasu injuna fistan ya daki supap ta karkace. Ya auna ratar supap da siraran ƙarafa. Kafin ya taɓa makulli, sai da ya juya injin da hannu sau 2 yana kasa kunne, kamar uwar gida mai ɗaga taɓarya a hankali ta ga ko ƴar koyo ta kama kiɗan.

Mota ta tashi lafiya. Bayan kasuwa uku, da fasinja suka gaji da sauka suna turi a cikin rairayi, yaro ya koma garejin da tsohon kamshaf ɗinsa naɗe a buhu, ya ce, "Baba, a mai da mini nawa."